Me Ake Gani A Fadamar Hadejia-Nguru A Ƙarshen Damina?

Tambayar ta fito ne daga wani malamin sakandare a Kano mai koyar da ilimin halittu. Yana so ya kai ɗalibansa fadamar Hadejia-Nguru a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, su taka da ƙafa su ga tsirrai da namun daji da idonsu. An ce masa wahalar banza zai sha tunda tsuntsayen Turai ba su iso ba, gara ya bari sai Janairu. Yana tambaya ko akwai abin gani a wannan lokaci, da kuma abin da ya kamata su kula da shi.

Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Ka kai su. Wanda ya ba ka shawarar Janairu ya yi gaskiya ta fuska ɗaya: agwagi da sauran tsuntsayen da ke ƙetaro Sahara daga Turai da arewacin Asiya sai sanyi ya shiga suke cika fadamar, shi ya sa ma a Janairu ake ƙidayar tsuntsayen ruwa. To amma abin da baƙin nan ke zuwa ci, irin ciyawa da 'ya'yan bado da ƙwari da ƙananan kifaye, duk a Agusta da Satumba yake samuwa. A lokacin ne tsirrai ke fure, kifi ke zuba ƙwai, tsuntsayen gida ke saƙa sheƙa. Ga mai koyar da ilimin halittu, a ganina babu lokacin da ya kai wannan, in dai an shirya wa ruwa da taɓo.

Kafin ku tashi ka fahimtar da yaran yadda ƙasar take, domin duk abin da za su gani a kanta ya rataya. Kogin Hadejia yana ɗauko ruwansa daga ƙasar Kano, na Jama'are kuma daga tsaunukan Jos da Bauchi. In sun gangaro gabas sai su tarar da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa wadda tsofaffin tuddan yashi suka jeru a cikinta. Ruwan ba ya samun miƙaƙƙiyar hanya, sai ya rarrabu ya bazu tsakanin tuddan, ya yi tafkuna da ƙoramu, kafin ya sake haɗuwa wajen Gashuwa ya zama kogin Yobe, ya nufi tafkin Chadi. Saboda wannan doguwar tafiya, ambaliyar takan makara, ba ta zuwa tare da marka. Sai ka ga sama ta fara sassautawa a Satumba, amma ruwan fadama ƙaruwa yake yi. Da kun isa da safe, ka sa wani ɗalibi ya kafa kara daidai bakin ruwa, ku duba shi in za ku tafi, ko washegari in kun kwana. A wurin nan bambancin taƙi biyu ko uku a tsayin ƙasa shi ke yanke hukuncin wane tsiro zai fito, wane tsuntsu zai sauka.

Game da inda za ku nufa, tafkin Nguru da mashigar Marma sun fi sauƙin isa da damina. Su ne wuri na farko a Nijeriya da aka sa cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar, a 2000. Dagona ta ƙasar Bade, wadda ke ƙarƙashin gandun dajin ƙasa na yankin tafkin Chadi, da Baturiya ta ƙaramar hukumar Kirikasamma sun shiga jerin a 2008. Dukansu suna da kyau, sai dai hanyoyin cikinsu kan yanke in ruwa ya cika, kuma shiga gandu sai da izinin ma'aikatansa. A shekarar da ruwa ya yi yawa irin 2022, har manyan hanyoyi sun yanke a Jigawa da Yobe, don haka ka tambayi mutanen wurin halin da ake ciki ana gobe za ku tashi. Hanyar da za ku bi ta manoma ce da masunta, wani wurin burtali, wani wurin kan jinga. Ku fara gaida mai gari, ku roƙi ya haɗa ku da masunci dattijo ya yi muku jagora, a sallame shi yadda ya kamata.

Ku fara daga kan tudu ku gangara. A can sama, cikin gonakin gero, abin da zai fara jan idon yara shi ne gawo tsaye tsirara babu ganye alhali komai ya yi kore shar. Haka ɗabi'arsa take, sai damina ta ja baya yake toho, shi ya sa amfanin gona ke yin kyau a ƙarƙashinsa. Gefen hanya tafasa ta kai gwiwa ko ƙugu, da furenta ruwan ɗorawa da siraran kwasfa masu lanƙwasa. Kyasuwa ta fara fitar da kai mai laushi, ja-ja, ƙarangiya kuma ta fara kama ƙafar wando. In an duƙa za a ga karkashi ya yaɗu a kan yashi da furensa mai siffar ƙararrawa, fari da ɗan shuɗi-shuɗi. Cikin gero ko dawa za ku ga wani fure kyakkyawa mai launin hoda ya fito gungu-gungu a gindin kara. Ƙuduji ne, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Ka nemi izinin mai gona ku tono guda ɗaya a hankali, yara su ga yadda saiwarsa ta manne da saiwar geron tana zuƙe shi tun kafin ya ɓullo sama. Da wuya ka sami darasin tsiro mai cin jikin wani da ya fi wannan fitowa fili.

A kan tudun kuma ku ɗaga kai ku dubi manyan itatuwan ƙauye. Shamuwar da ta zo da farkon damina ta riga ta ƙyanƙyashe, 'ya'yan sun yi fiffike, suna bin gonaki suna cin fara. Nan da 'yan makonni za su taru garke-garke su tashi, su ƙetare tsakiyar Afirka zuwa gabashi da kudancinta inda damina ke shirin sauka. Ita ma ƙaura take yi mai nisa, sai dai a cikin nahiyarmu, kuma wanda ya zo a Janairu ba zai same ta ba.

Da kun fara gangara, yashi zai koma baƙar laka, itatuwa ma su canza. Goruba da aduwa su ba gabaruwa wuri. Gabaruwa na iya tsayawa cikin ruwa wata da watanni ba ta mutu ba, kuma a wannan lokaci tana ɗauke da ƙananan furanni mulmulallu ruwan ɗorawa. Kusa da ita akwai giyayya, wadda in ka gan ta ka tabbata ruwa na kwanciya a wurin kowace damina. Furenta fari ne mai ƙanshi, ƙudan zuma ba sa rabuwa da shi. A bakin ƙorama akwai ƙaidaji mai ƙaya, wanda ganyensa ke rufewa in an taɓa, yara za su so shi. A ƙasa kuma duman rafi ya shimfiɗa jiki da manyan furanni shanshanbale da ke buɗewa da safe su yanƙwane da rana. Ka tambayi duk makiyayin da kuka haɗu da shi me ya sa yake kore dabbobinsa daga gare shi, zai gaya maka yadda yake sa tumaki da awaki rawar jiki da tangaɗi in sun ci da yawa.

A wannan tsakanin, inda doguwar ciyawa ta haɗu da gonakin shinkafa, nan ne za ku tsaya ku daɗe, saboda mulufi. Namijin a yanzu yana cikin kayan aurensa: ja wur a wuya da baya, baƙi ƙirin a goshi da ciki. Yakan hau ƙololuwar kara ya kumbura gashin wuyansa, ya yi wani siririn kuka, sannan ya tashi a hankali yana kaɗa fiffike a saman ɗan yankin da ya kama, ya kori duk namijin da ya matso. In kuka yi shiru na minti goma za ku lura da wasu ƙananan tsuntsaye masu launin ƙasa da zane-zane suna shiga ciyawar suna fita. Matansa ne, domin namiji ɗaya kan tara mata fiye da ɗaya, kowace da sheƙarta da aka saƙa tsakanin karare, ƙofar a gefe. Akwai ɗan'uwansa mai ruwan ɗorawa da baƙi wanda ya fi son ciyawar da ke tsaye cikin ruwa. Da kaka ta wuce, namijin zai zubar da jan gashin nan ya koma launin matan, har mai nazarin tsuntsaye sai ya yi da gaske yake rarrabe su. Haka ma kabare: yanzu ne za ku ga mazan rataye a ƙasan sheƙunansu a rassan gabaruwar da suka sunkuya kan ruwa, suna karkaɗa fiffike suna kiran mata. Ka sa yaran su yi tunanin dalilin da ya sa suka zaɓi reshen da ke kan ruwa, su da kansu za su kawo maganar maciji da sauran masu cin ƙwai.

Sai bakin ruwa. A nan ina roƙonka abu ɗaya, ku isa kafin rana ta ɗaga. Farin bado da dare yake buɗewa, ya kwana a buɗe, hantsi na yi ya rufe. Wanda ya iso da azahar ganye kawai zai tarar da ƙunshin fure, ya koma ya ce ba a fure. Da sassafe kuwa sai ka ga fuskar tafki ta yi fari fat iyakar ganinka. Akwai wani badon mai shuɗin fure, ƙarami, shi kuma da rana yake buɗewa, don haka in kun yi sa'a za ku ga ɗaya na rufewa ɗaya na buɗewa. Ko babu fure ana rarrabe su: gefen ganyen farin yana da haƙora-haƙora, na shuɗin kuwa kusan sumul yake. In jagoranku ya tsinko muku ganye da dogon silinsa, ka yanke silin ka nuna musu ramukan da ke ciki, ka sa gefe guda na silin cikin kwanon ruwa mai tsabta ka hura ɗayan, kumfa za ta fito. Ta nan iska ke sauka zuwa saiwar da ke binne cikin taɓon da babu iska. Bayan ƙwari sun gama aikinsu a furen, silin kan ja shi ƙarƙashin ruwa, ɗan ya nuna a can, ya fashe, irin ya taso ya yi yawo kafin ya nutse. Mutanen fadama suna cin irin da kuma saiwar, kuma dattawa za su ba ka labarin shekarun yunwa da bado ya riƙe gidaje. Tsakanin badon za ku ga kainuwa tana yawo inda iska ta kai ta, da burugu wanda shanu za su dogara da shi in ruwa ya janye.

A kan ganyen badon akwai tsuntsun da nake so kowane ɗalibi ya zauna ya kalla da kyau, wanda littattafai ke kira jakana. Jikinsa ja ne mai duhu, wuyansa fari ta gaba, goshinsa da bakinsa shuɗi. Yatsunsa dogaye ne ƙwarai, su ke rarraba nauyinsa har ya taka ganye ya wuce kafin ya nutse. Yana tafe yana ɗaga gefen ganye da baki yana tsintar ƙwari da ƙananan dodon koɗi. Macen ta fi namijin girma, kuma takan yi wa maza da dama ƙwai, kowane ta bar masa nasa. Namijin ne ke kwanci, yawanci a kan ƙwai huɗu masu sheƙi da baƙin zane, bisa 'yar tarin ciyawa da ke yawo a kan ruwa. Shi ne kuma ke reno. In ya hango shirwa ko ya ji motsin da bai yarda da shi ba, sai ya durƙusa, 'ya'yan su shige ƙarƙashin fiffikensa, ya matse su ya miƙe ya yi gaba da su, ba abin da ake gani sai siraran ƙafafunsu na reto ta ƙasa. Ƙarshen damina ne lokacin ganin wannan.

Abin da ke faruwa ƙarƙashin ruwa ba a ganinsa sosai, amma shi ne ginshiƙin arzikin yankin, kuma a nan jagoranku zai fi ni bayani. Da ambaliya ta hau ciyawa, tarwaɗa da karfasa da kawara sukan bar kwarin kogi su bazu cikinta su yi ƙwai, ƙananan su sami abinci da maɓoya. Bargi yakan share wuri cikin ciyawa ya yi kewayayyen gida mai faɗin kusan mita ɗaya, iyayen su tsaya gadi. Gaiwa, wadda ta yi rani a binne cikin busasshiyar laka tana shaƙar iska ta ɗan rami, yanzu ta fito, namijinta na tsaron ƙwai. Gwargwadon faɗin ƙasar da ruwa ya rufe da daɗewar da ya yi, gwargwadon kifin da za a kama da rani.

Kada ka yi wa yara alkawarin dubban agwagi. Ruwa ya yi yawa, tsuntsaye sun warwatsu, da yawansu suna ɓoye da 'ya'ya. Za ku ji kirinjijiya na wucewa da fito, ku ga dinya jefi-jefi, da zalɓe tsaye shiru a gefe, da jinjimi, da balbela wadda yanzu ta yi ɗan jan gashi a ka da ƙirji saboda lokacin haihuwa. Zakaran ƙeƙuwa zai tashi ya yi ta yi muku ihu in kun kusanci inda ya ajiye 'ya'yansa, ragon maza kuma yana kuka daga cikin kurmi. In kuka duba bakin taɓo da kyau, mai yiwuwa ku ga wasu ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da launin toka suna tsintar abinci ɗai-ɗai. Su ne 'yan gaba na baƙin Turai, tun cikin Agusta suke fara isowa. Gauraka kuwa, wadda dattawan yankin suka saba gani da yawa, ta yi ƙaranci ƙwarai, saboda kamun da ake yi mata ana sayarwa masu ajiyewa a gida da kuma lalacewar wuraren da take ƙwai. Abin yana damuna matuƙa, kuma ya dace yara su ji shi daga bakin tsohon da ya san lokacin da take nan.

Namun daji masu ƙafa huɗu sun ragu sosai, noma da farauta da saran itace sun matsa musu. Abin da za ku fi gani shi ne guza tana shan hantsi a kan kututture ko tana faɗawa ruwa, da kurege, da kwaɗi iri-iri, wataƙila da ayarin jan biri a gefen Baturiya ko Dagona. Sauran sai dai sawu, kuma laka mai ɗanshi da safe tana riƙe sawun dila da tunku da kyau. Ga wani abu da ya shafi lafiyarku kai tsaye: in ruwa ya hau, duk abin da ba ya son ruwa kan tudu yake komawa, har da kasa da kububuwa da gamsheƙa. Kowa ya sa rufaffen takalmi, jagora na gaba da sanda, kuma kada yaro ya zura hannu cikin rami ko ƙarƙashin tarin kara.

Akwai tsiron da ba za ku iya kauce masa ba, musamman a wajen Marma da Nguru, shi ne kacala. Doguwa ce, ta fi mutum tsayi, kanta kamar zangarniyar gero. Yara za su ga kore iyakar gani su ɗauka alamar lafiya ce, a nan ne aikinka yake. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, dukansu a kan kogunan da ke zuba cikin kogin Hadejia. Kafin su, kogin kan cika da damina ya kusa ƙafewa da rani, kuma wannan bushewar ita ke hana kacala sakewa. Da aka koma sakin ruwa rani da damina domin noman rani da ruwan shan Kano, ambaliyar damina ta ragu, wasu magudanan kuma suka daina bushewa. Kacala ta samu yadda take so, ta cika su, ta tare laka, ruwa ya karkata ya yi wa wasu garuruwa yawa har ya cinye gonaki, wasu kuma ya daina isa gare su. Cikinta ne jan baki ke kwana ya fito ya faɗa wa shinkafa da gero. Ba na cewa madatsun ba su da amfani, miliyoyin mutane na sha da ci daga gare su. Amma yadda ake sakin ruwan abu ne da mutum ke tsarawa, kuma mutanen fadama sun daɗe suna biyan kuɗin tsarin da ba a yi da su ba. Ka raba ɗalibai biyu, wasu su ƙirga nau'in tsirrai da tsuntsayen da suka gani cikin minti goma sha biyar a gaban kacala, wasu a gaban buɗaɗɗen ruwa mai bado, sannan su gwada lissafinsu.

Kowane yaro ya zo da littafi da fensir, domin biro ba ya jure jiƙa. Ya zana abin da ya gani, ya rubuta lokaci da wurin, tudu ne ko gangare ko cikin ruwa, da sunan da jagora ya faɗa, ko da Hausa ko Badanci ko Barbarci ko Fulatanci. Madubin hangen nesa ko guda biyu ne sun isa a yi karɓa-karɓa. Kada a taɓa sheƙa, kada a ɗauki ƙwai.

In za ku shiga kwalekwale, a shiga kaɗan-kaɗan, kowa da rigar kariya, kuma a fito kafin la'asar, domin hadarin ƙarshen damina da iska yake zuwa ba sallama. In za ku kwana, gidan sauro dole ne. Abu na ƙarshe da ba na sassauci a kansa shi ne shiga ruwa. Za su ga yaran ƙauye na iyo su ma su so, ka hana. Ruwan kwance mai ciyawa shi ne mazaunin ƙananan dodon koɗin da ke ɗauke da tsutsar tsargiya, kuma ta fata take shiga, ba sai an sha ba. Wanda ya jiƙe bisa kuskure ya goge jikinsa da tawul nan take. Ka kuma sanar da iyaye cewa in wani ya ga jini a fitsarinsa bayan wata biyu ko uku, a kai shi asibiti a gaya wa likita inda ya je, akwai maganinta kuma tana warkewa.